Hamsin da Takwas

Keken yayana Aristobulo hamsin da takwas ne.
Na san lambar tun ban san me take aunawa ba.
Tana nan ƙarƙashin sirdi, da farin fenti,
dab da inda guminsa ya cinye launi.

Shekara guda ya yi a rataye
tsakanin buhunan dankali da damin albasa.
Ranar da na sauko da shi, Mama ba ta ce uffan ba,
sai ta ƙara min mazarƙwaila a ruwan zafi.

Na danne sirdin har ya zauna a kan ƙarfe.
Na hau.
Duitama zuwa Paipa ba wata tafiya ba ce,
amma na isa kamar wanki a kan igiya:
hannuwa can gaba suna lallashin birki,
ƙugu na karkata hagu da dama don ƙafa ta cim ma feda,
wuya ya sage, yatsu biyu sun yi barci.
Da na dira a mararraba,
sandar sama ta yi min gaisuwar da ba ta faɗuwa.

An ce zanen aro ba ya rufe katara.
Wannan ba aro ba ne, gado ne,
kuma ya rufe ni har ya haɗiye ni.

Don Evaristo bai tambayi ko keken wa ba.
Ya shafa sarƙar da babban yatsa.
"Ni na ɗaura masa ita," in ji shi.
"Cire takalmi, Yamile. Jingina da bango."
Ya miƙo tsohon littafin bashi:
"Matse shi tsakanin cinyoyinki, kamar sirdi."
Ya ja layi da fensir a saman littafin.

Sai a lokacin na lura da bangon.
Layuka ne birjik, kowanne da suna,
manoma, ’yan makaranta, wata mai sayar da cuku.
Taki guda sama da nawa,
ga na yayana.

Saba'in da huɗu daga ƙasa.
Ya yi lissafi a bayan takardar burodi,
ya auna hannuna daga kafaɗa zuwa dunƙule.
"Tsayi maƙaryaci ne," ya ce.
"Mutum biyu, kai da kai,
ɗaya duk ƙafa ne, ɗaya duk gadon baya.
Ke arba'in da tara ce."

Na ce a matso da sirdi gaba.
Na ce a gajarta wuyan.
Na ce zan saba.
Ya bar ni na gama.
"Ƙaramin firam, akan ɗan miƙa shi.
Babba kuwa, ke zai riƙa miƙawa,
kullum, har ki tsani hanya.
Shi bai tsane ta ba."

Na fita na zauna a bakin titi.
Motar madara ta wuce. Wata ta wuce.

Kwana uku yana kwance kusoshi.
Ya samo kore, na hannu, mai tabo a gefe.
Tayoyin yayana suka shiga kamar da ma nasa ne.
Sarƙar, sai da aka cire mata ƙulli biyu.
Feda, giya, birki, duk suka ƙaura.
Kan keken ne kawai ya ƙi:
kafaɗun Aristobulo sun fi nawa faɗi.

Na saɓa tsiraren firam ɗin zuwa gida.
Ashe ba shi da nauyi.
Wannan ne ya sa ni kuka, ba lambar ba.

Ran Lahadi na kama hawan tafkin Tota.
Gwiwa na saura ɗan lanƙwasa a ƙasan feda,
gwiwar hannu a sake, birki a bakin yatsa.
Wajen rabin hawan na ɗaga kai,
wuya bai hana ni ba.
Ga hazo kwance a kan gonakin albasa,
ga wani yaro da tumaki yana ɗaga min hannu.
Duk wannan yake gani, ashe,
bai taɓa faɗa mana ba.

Firam ɗin ya koma kan ƙusarsa.
Jiya na tarar Mama ta rataye mayafin ulunsa a kai.
Daidai ya zauna.